Wayar da Ke Rataye a Jikin Rumbun Inna

Damina tara ke nan ana shuka ana girbi babu Inna. Ba ita ta haife ni ba, uwar mijina ce, amma cikin duk mutanen da ƙasa ta rufe wa ido babu wadda nake tunawa in ji nauyi ya kama ni kamarta. Jiya da safe abin ya taso mini. Ina tsakar gidanmu a unguwar Bacirawa, can birni, da waya a hannu, ina kiran ɗana na fari ta bidiyo, ina ta rangaɗa sunansa har maƙwabta na ji: Bashir ka karya kuwa, Bashir ka rame, Bashir wannan wane irin aski ne. Sai da na ajiye wayar na tuna a watan rasuwarta muke. Na waiga hagu da dama kamar wadda aka kama tana lasar miya a gidan surukai.

Inna mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Bagwai, irin ƙauyukan nan namu da gona ke manne da gona, zakaran wannan unguwa ya yi cara na waccan ya amsa masa. Mijina shi ne ɗanta na fari. Zan kira shi Malam a nan, don ni ma ba a bakina za a ji sunansa ba. 'Yan yanzu da yawa ba su san abin da ake nufi da kunyar ɗan fari ba, sai dai su ji a hira. Ni kuwa da idona na ga ta gaske. Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta cin abinci yana wurin, ba ta haɗa ido da shi. Tun ranar yaye aka ɗauke shi aka kai wa gwaggonsa a wajen Makoda, bai dawo gida ba sai da ya isa riƙe fartanya. In ya zo gaishe ta yakan tsuguna nesa da bakin ƙofa, ita kuma ta amsa tana kallon kaji. “An zo lafiya? Yaya aka baro yara?” Shi ke nan, hira ta ƙare. In ta tashi ambatonsa sai ta ce “wancan na Bacirawa”, sai ka ce wani mai kawo mata tallan gishiri ne.

Ni ce na zama igiyar da ke tsakaninsu. Har na haifi 'ya'ya biyar Amarya take kirana, kuma duk abin da take son ya sani a gabana take faɗa, tana tsinke zogale, kamar zancen ya faɗo ne kawai. Ni kuma in kwasa in kai.

Da wayar hannu ta fara shiga ƙauyuka, Malam ya saya mata ƙarama mai tocila, irin wadda yara suka laƙaba wa sunan da ba zan rubuta a jarida ba. Sayen waya daban, samun sabis daban. Sani, ƙanin Malam da ke noma a gida, ya zagaye gidan da ita a sama kamar mai neman ɓatacciyar kaza, ɗaki-ɗaki, har bayan danga, babu ko ɗigo. A ƙarshe aka samu a wuri ɗaya tak, jikin rumbun dawa ta ɓangaren gabas, daidai tsayin kan mutum. In ka matsar da ita taƙi ɗaya, magana ta tafi. Sai ya kafa ƙusa a wurin, aka ɗinka wa wayar 'yar jaka da ƙyallen atamfa aka rataye. Ranar kasuwa kaɗai take sauka, a kai ta wurin mai caji ta wuni, ta dawo da yamma. Duk mai son magana sai ya tsaya ya kara kunnensa a jikinta tana rataye, don haka wanda ya shigo gidan bai sani ba sai ya ɗauka Inna da rumbu take gaisawa.

Ta sha faɗa da matar nan da ke cikin waya mai cewa ba a samun lambar da aka kira. Sai Inna ta yi mata sallama, ta tambaye ta gida da yara, ita kuwa ta ci gaba da zuba abin da ta haddace. Inna ta ce ba ta san 'yar gidan wa ce ba, amma ba a ba ta tarbiyya ba. Danna koren maɓalli na amsa kira kaɗai ta yarda ta koya. Ja kuwa, na kashewa, ta ƙi, ta ce ita ba ta iya katse wa mutum magana a baki ba. Saboda haka in an gama, ko ni in kashe daga nan, ko Sani ya zo ya kashe daga can. Da Malam ba ta taɓa magana ta waya ba. In ta ji muryarsa sai ta ce a ba Amarya.

A wata damina Malam ya faɗi da babur ya karye a ƙafa. Aka kira mai ɗori ya ɗaure, aka shimfiɗa masa katifa a ƙasa a ɗakinmu na ƙurya. Inna ba ta zo dubiya ba, ba wanda ya sa ran za ta zo. Ta dai aiko da kaji da man shanu, ta ce na yara ne. Kullum na kira sai ta tambayi ruwan sama, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi akuyata da ta haihu, sannan a can ƙarshe ta ce, “Mutanen gidan duk lafiya?” A lokacin wayata ta taɓa faɗawa ruwan wanki, sifikar kunne ta mutu, ba ta magana sai a bayyane kowa na ji, kuma a ɗakin nan sabis ba ya kamawa sai a kan taga. Don haka Malam yana kwance yana jin komai. Wata rana bayan na kashe sai ya ce, yana 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, shi dai bai sani ba ko an gaya wa Inna ƙafa ce ta karye, ko ta ɗauka farce ne. Mutum ya haura arba'in, ya san al'ada sarai, amma ciwo yakan mayar da babba yaro. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinta, ba zan ɓoye ba.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Ina bakin taga muna gaisawa da Inna sai na ji sallamar maza. 'Yan dubiya ne daga ƙauye: limamin unguwarsu, da Baba Ɗanlami ƙanin mahaifin Malam, da Sani da ya rako su. Na ce, “Inna, ga su Baba nan sun iso, sai anjima.” Na ajiye waya a kan taga, na ja mayafi, na shimfiɗa tabarma, na durƙusa na gaishe su, na fita ɗebo ruwa. A raina Sani zai kashe daga can kamar kullum. Ban tsaya na yi tunanin cewa Sanin da nake dogaro da shi ga shi nan zaune a kan tabarmata ba.

Na dawo da kwanon ruwa na tarar ɗakin ya yi tsit, sai wata ƙara ƙas-ƙas daga taga, da kukan kaji. Inna ce ta zauna a inuwar rumbu, daidai ƙarƙashin wayar, tana ɓarar gyaɗa. Sai ga muryar Iya Dije, maƙwabciyarta kuma aminiyarta tun suna 'yan mata.

“Ke kam zuciyarki dutse ce? Ina jin ki ta danga. Yaro na kwance da karaya, kina tambayar akuya.”

“Dije, bar ni da abin da ke damuna,” in ji Inna. “Tun ranar da aka zo da labarin nan tuwo bai wuce maƙogwarona ba, sai dai in juya shi in ba yara.”

Muryar da ta yi maganar da ita ban taɓa jin irinta a bakinta ba. Ta ce ranar da aka ɗauke shi yaye a bayan wannan rumbun ta tsuguna, nono na zuba yana jiƙa mata zane, ta cusa gefen mayafi a baki don kada uwar mijinta ta ji kukanta. Ta ce duk bikin da aka yi a wajen Makoda sai ta nemi a tafi da ita, ko ba ta san amarya ba, don kawai ta hango shi yana wasan ƙasa a ƙofar gidan gwaggonsa, ta wuce kamar ba ta gan shi ba. Ta ce da ana musayar ƙafa da ta ba shi tata, me za ta yi da ita, ina za ta je. Sannan ta kama sunansa, sunan nan da ba ta taɓa furtawa a gaban mutum ba, ta roƙi Allah ya tashi kafaɗunsa, tana kuka.

Mai karatu zai ce, to me ya hana wani ya miƙa hannu ya kashe? Nan ne abin kunyar yake. Liman ya kafa wa carbinsa ido. Baba Ɗanlami ya ɗaga kai yana nazarin rufin ɗaki kamar shi ya yi aikin. Sani yana tsinkar bakin tabarma. Malam ya juya fuskarsa bango. Ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa da ruwa a hannu, tsakanina da taga ƙafafun surukaina ne a miƙe, kuma mace ba ta tsallake su. Ban da haka, duk wanda ya tashi ya kashe ya nuna ke nan ya ji, alhali kowannenmu yana can yana ƙoƙarin nuna bai ji komai ba. Kawaicin da aka koya mana don mu rufa wa juna asiri, shi ya ɗaure mu mutum biyar muka bar asirin tsohuwa yana zuba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba mu muka katse ba, kati ne ya ƙare. Liman ya yi gyaran murya ya ce, “To, Allah ya ƙara sauƙi,” ya yi addu'a, suka tashi ko ruwan ba su sha ba.

Malam bai juyo ba sai bayan la'asar. Idanunsa sun yi ja. Ya ce in kawo masa abinci, ya ci fiye da yadda ya ci tun da ya kwanta. Kalma ɗaya ya faɗa a kan zancen, “Ashe.” Ban tambaye shi ashe me ba.

Da a nan ta tsaya da sai in ce tsautsayi ya zo da alheri. Amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ba kowa ya san haka ba. Baba Ɗanlami ƙanin miji ne ga Inna, abokin wasanta ne, shekara da shekaru suna tsokanar juna ba ta taɓa barin ya ci riba ba. Ya riƙe maganar har kaka, sannan ta fi ƙarfinsa. A wani taron suna a maƙwabta ya leƙa cikin gida gaban mata ya ce, “Ina mai zuwa bikin Makoda babu gayya? A ba ta gefen mayafi ta toshe baki.” Ya kama bakin rigarsa ya cusa a baki yana kwaikwayon kuka. Mata suka tambayi ba'asi, ya kwashe duka ya faɗa. Aka yi ta dariya, ba ta mugunta ba, irin dariyar da ake yi in an kama gwani ya yi tuntuɓe. An gaya mini Inna ta tashi ta koma gida, ta bar takalmanta a gidan sunan. Baba Ɗanlami ya yi da-na-sani daga baya, amma magana zarar bunu ce.

A ranar Inna ta sa Sani ya sauke wayar. Ta ce ya fitar mata da wannan mai kunnen daga gida. Da Malam ya warke ya je gaishe ta yana ɗingishi, tana jin ƙarar mota ta bi ta danga ta shige gidan Iya Dije, ba ta dawo ba sai da ya tafi. Daga baya ta riƙa amsa gaisuwarsa, amma daga cikin ɗaki, labule a sake. A da ko ba komai yana ganin gefen fuskarta tana kallon kaji, yanzu wannan ma ya rasa. Ya san abin da ke zuciyarta, ya kuma rasa ita kanta, kuma ba shi da bakin da zai ce mata abin da ya ji bai rage ta da komai a idonsa ba.

Na je na durƙusa a gabanta na ce, “Inna, a yafe mini, ni na bar wayar.” Ta dube ni ta ce, “Wace waya? Akwai abin da ya faru ne, Amarya?” Sannan ta tambaye ni ko kuɓewar da ta aiko ta yi yauƙi. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Na san akwai mai cewa, ke da kike kukan an tona wa tsohuwa asiri, ga shi kin kwaso kin kawo jarida. Gaskiya ne, na daɗe ina juya abin, sai da na nemi izinin Malam, kuma shi ya sa ban faɗi sunan ƙauye ba. Dalilina shi ne, Iya Dije ta rasu, Baba Ɗanlami ma ya bi su, kuma abin da ya rage a bakin mutanen unguwar rabin labarin ne, rabin da ake dariya. Har yau in mace ta nuna ɗoki a kan ɗanta sai a ce za ta bikin Makoda. Ɗaya rabin a gabana aka yi shi, kuma ba na so in mutu da shi.

Kafin in kai can, nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga yau. An kafa dogon ƙarfen sabis a bakin hanya kusa da ƙauyen, yanzu ko cikin rumbu ka shiga waya za ta same ka, sai dai in an yi hadari ta ɗauke kamar da. Kowace yarinya da tata, kowace tsohuwa da tata a ɗaure a bakin zane. An huta da aike, an huta da zullumi, mai naƙuda ta kira babur tana kwance. Ba na cikin masu zagin zamani suna cin moriyarsa. Amma abin da ya sami Inna bisa tsautsayi, yau da gangan ake yi. Mutum ya kira ka yana lallaɓa ka da daɗin baki, ashe wayarsa tana naɗar muryarka. Wa da ƙani su yi saɓani a kan iyakar gona, kafin magariba muryoyinsu sun zaga dangi har na Kudu. Kwanan baya wata 'yar uwata ta turo mini muryar surukarta tana kuka, wai in ji in yi dariya, har da ɗan hoton fuska mai hawayen dariya a ƙasa. Na goge, na kira ta na wanke ta tas, ta ce na cika tsohon yayi. Ban gaya mata cewa ni na san yadda irin wannan dariyar take ƙarewa ba.

Ba kuma cewa nake a koma kunyar ɗan fari ba. Na ga ƙishirwar da ta bar wa Malam, kuma ni Bashir ɗina rungume shi nake, in kira sunansa safe da yamma. Sai dai in na tuna mace ta riƙe abu a ciki fiye da shekara arba'in ba ta bari ya zubo ba, ni kuwa ko ciwon kai na yi sai na ɗora a waya duniya ta sani, sai in ji na zama ƙarama. Zamani riga ne, na yarda, amma tamu ta yi shara-shara.

Bayan wasu shekaru da sauke wayar, a wata kaka, ciwon ajali ya kama Inna. Na tafi ƙauye jinya. Malam kuwa, da yake fataucin hatsi yake, ya bi motar wake zuwa Kudu tun jikin bai yi tsanani ba, kuma ko a lokacin ya juyo sai ya kwana a hanya. Duk mun ga alama. Na san in ta tafi a haka, labule a sake tsakaninsu, zai ɗauki abin har kabarinsa, ni ma haka. Amma wa zai tunkare ta da zancen waya?

Da hantsi ta ce a fitar da ita ta sha rana. Muka shimfiɗa mata tabarma, ta ce ba nan ba, can inuwar rumbu. Ta aika a kira Iya Dije. Da suka zauna sai ta ɗaga ido sama ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Amarya, ashe ƙusar nan tana nan. Wurin ya yi fili, ba abin da aka rataya.”

Na dubi Sani, ya zaro wayarsa ya miƙo mini ta baya. Na tashi na tsaya a jikin rumbu na kira Malam, Allah ya sa ta shiga. Na rage murya na ce, “Kada ka yi magana, ka saurara kawai.” Na rataye ta, na koma gefe na ja tiren wake ina tsincewa.

Inna ta fara. “Dije, akwai maganar da nake so in bar miki. Wancan na Bacirawa…” Sai na ji ɗan ƙit daga sama, irin na yankewar layi. Sabis ya ɗauke. Na tashi kamar zan kori kaji daga shanya, na sake kira. Matar nan marar tarbiyya ce ta amsa, wai ba a samun lambar. Na sake, ita ce dai. Ina ji a raina wallahi da mutum ce da na shaƙe ta. Inna kuwa ta yi shiru da zancen, ta ce a ba ta ruwa. Ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, tana hutawa, kamar ruwan ne kaɗai abin da ya dame ta a duniya. Sai da ta ga na dawo na zauna na ja tirena sannan ta ajiye kofin.

“Dije, kunnenki ya yi nauyi, na san ba ki ji ni ba. Bari in sake daga farko.”

Iya Dije tana share ido da bakin zane ta ce, “Ban ji ba kam. Ɗaga murya.”

Ta ɗaga iya ƙarfin da ya rage mata. “Wancan na Bacirawa, tun da na haife shi bai taɓa ɓata mini rai ba. In ma akwai wanda ban sani ba, na yafe duniya da lahira. Allah ya yi masa albarka, ya ba shi masu yi masa kamar yadda ya yi mini. In ya dawo ya tarar babu ni, kada wani ya ce masa don me ya yi tafiya, nema ya je. Abin da ya faru kuma ya wuce, ba laifin kowa ba ne, ni ce ban koyi ja ba.” Ta huta. “Ƙafar nan tasa kuma, ki ce ya rage dogon tsayuwa a kanta.”

Ta rufe ido har muka ɗauka barci ne. Can ta ce, “Sani, duba mana abar can, ban sani ba ko an bar ta a kunne.”

Washegari bayan azahar ta cika. An kai ta makwancinta kafin Malam ya iso. Daga baya ya gaya mini a bakin titi ya tsaya, a wani gari da bai san yarensu ba, manyan motoci na wucewa, ya manna waya a kunne ɗaya ya toshe ɗayan da yatsa. Ya ce amin ta zo masa har baki ya haɗiye ta, don kada ta ji muryarsa ta san yana ji.

In na auna abin da Inna ta bari, ba na ganin kaya. 'Yan kwanukanta an raba, ɗakinta Sani ya mayar da shi ma'ajiyar taki. Kunyarta ma ba wadda ta gada cikinmu, ni ce shaida ta farko. Abin da na ga ya tsaya shi ne ta koya wa ɗanta yadda ake karɓar ƙauna ba tare da an kunyata mai bayarwa ba, kuma ta koya masa ne ba tare da ta taɓa zaunar da shi ta ce ga yadda ake yi ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya suturta ta kamar yadda ta so sutura.

Ranar da Malam ya iso, bayan ya je kabari ya dawo ya karɓi gaisuwar maza, Sani ya ce masa Inna ta bar masa saƙo a wurin Iya Dije. Duk mun san ya riga ya ji, shi ma ya san mun sani. Ya tashi ya shiga gidan tsohuwar, ya tsuguna a bakin ƙofarta da ƙafar nan tasa mai ciwo, ya ce an ce akwai saƙonsa. Iya Dije ta faɗa masa tun daga farko, kalma bayan kalma, shi kuma ya sunkuyar da kai yana saurare kamar bai taɓa ji ba. Sai da ta kai ƙarshe sannan ya ce amin, da ƙarfi, har muka ji ta danga.